Takardar da ta raba suna da buhunsa

Batun yau ƙarami ne a ido, har wani abokin aikina ya yi mini dariya da na ce a kansa zan yi rubutu. Amma na ga yadda ya so ya ɓata zumuncin shekaru a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Makoda, saboda haka ba zan raina shi ba.

Gab da faɗuwar daminar bana na je gida gaishe da iyaye. Na tarar da kawuna, wanda shi ne magatakardan wata ƙungiyar manoma, zaune a gindin darbejiya da takardu a cinya, jama'a sun kewaye shi, murya ta fara tashi. 'Yan ƙungiyar sun yi ta zubi tun bayan kaka, kowa gwargwadon ƙarfinsa, domin a sayo taki a sari kafin ya yi tsada. Wani matashi ɗan garin ne ya shigar musu da lissafin cikin manhajar Excel: suna, unguwa, lambar waya, zubin kowane wata, jimla, sai adadin buhun da ya kamaci kowa. Daga baya na bi aikin a kwamfutarsa, ban sami kuskuren ko sisin kwabo ba. Wajen bugawa aka yi ɓarnar.

Jadawalin ya fi takarda faɗi. Da aka kai shagon kwamfuta aka danna bugawa, manhajar ta yi abin da ta saba: ta buga iya abin da faɗin takardar ya ɗauka daga sama har ƙasa, sannan ta koma ta kwaso layukan da suka rage a dama ta zuba su a wasu shafukan dabam. Aka sami shafi huɗu masu sunaye babu buhu, da wasu huɗu masu buhu babu sunaye, kuma babu lambar shafi ko ɗaya. Kawu ya jera na biyu kusa da na bakwai, alhali na shida ne abokinsa. Ta haka aka karanta wa wata dattijuwa, wadda ta sayar da awakinta ta yi zubi bayan rasuwar maigidanta, cewa rabin buhu ne rabonta. Biyu ne nata.

Ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma na san abin da na damƙa maka."

Ya ce, "Iya, ga shi nan a rubuce, inji ne ya fitar."

Wannan amsa ta kawu ita ta tsaya mini a rai. Mu da muke wuni gaban kwamfuta mun ɗauki takarda a matsayin inuwar abin da ke cikin na'ura, in ta ɓaci a sake bugo wata. A Koguna ko Maitsidau ko Satame, takardar ita ce asali. Ita ake liƙawa a ƙofar gidan mai unguwa, a kanta ake dangwala yatsa, ita shugaban makaranta yake riƙewa ranar ba da sakamako, ita kuma ake ɗaukowa in rigima ta kai gaban dagaci. Wanda aka cuta a kanta ba shi da hanyar leƙa kwamfutar da ta haife ta. Gare shi, abin da inji ya fitar ya fi ƙarfin musu.

Tushen matsalar yana cikin halittar manhajar. Tun daga VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979, har zuwa Excel da ta bayyana a 1985, an gina irin waɗannan manhajoji ne domin lissafi a kan allo. Mai rubutu a Word yana ganin iyakar shafinsa tun daga kalmar farko. Mai aiki da Excel kuwa gona aka ba shi babu shinge: layi 1,048,576 zuwa ƙasa, 16,384 zuwa dama. Takardar A4 da muke saye a kasuwa faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Dole a yanka gonar kafin ta shiga takarda, kuma in ba ka faɗi inda za a yanka ba, manhajar za ta yanka inda ta ga dama. Ƙari a kan haka, kwamfutoci da yawa suna zuwa mana a saite da ma'aunin takardar Amurka, wadda ta ɗan fi tamu faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba.

Akwai wasu ƙananan tarkuna. Lambar wayarmu da sifiri take farawa, haka ma wasu lambobin asusun banki, manhajar kuwa tana share sifirin farko in ba a gaya mata cewa rubutu ne ba adadi ba. Gurbin da ya yi wa adadi kaɗan yakan fito da alamar #### a madadin kuɗin mutum. Zanen layukan da ake gani a allo ba ya fitowa a takarda sai an nema, sai idon mai karatu ya zame daga layin Audu ya faɗa na Tanko. Duk wannan a shiru yake faruwa, babu gargaɗi. Kada a ce ƙauyanci ne: a watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta tarar kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona sun zube daga ƙidayarta, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel wanda bai wuce layi 65,536 ba.

Laifin ban ɗora shi a kan matashin nan ba, a kanmu malamai na ɗora shi. Muna koya wa ɗalibai tarawa da fitar da kaso, mu ba su maki, mu sallame su ba tare da sun taɓa riƙe aikinsu a takarda ba. Ni kaina sai da aka ɗora mini aikin jami'in jarrabawa a sashenmu na koyi bugun jadawali, bayan na yi asarar takardu masu yawa da kunya ba kaɗan ba.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na zaunar da shi na ce ya danna Ctrl da P, ya tsaya ya kalli yadda shafin zai fito da adadin shafukan kafin ya ba da umarni. Muka kwantar da takardar a kan faɗinta, muka sa duk layukan tsaye su shiga faɗin shafi ɗaya. Ya so ya matse jadawalin gaba ɗaya cikin takarda guda, na hana, domin dattawan da za su karanta ba su da tabarau. Muka sa kan jadawalin ya riƙa maimaituwa a saman kowane shafi, muka kunna zanen layuka, muka sa lamba a ƙasa mai cewa shafi na kaza cikin kaza, muka bar gurbin dangwale a gefen kowane suna. Daga ƙarshe muka adana shi a PDF, saboda fayil ɗin Excel yana iya sauya wurin yanka idan ya haɗu da wata firinta a wani shagon.

Washegari aka bugo a Dambatta, aka karanta da ƙarfi bayan sallar La'asar, dattijuwar ta karɓi buhunta biyu. Kawu ya bi ta har gida ya ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma baɗi ba za ta yi zubi ba. Shi kuma ya aiki yaro kanti ya sayo masa babban littafi mai layi da biro biyu.