Kyanwa Ba Ta Rayuwa da Ƙanzo

Gidaje da yawa a garinmu suna da kyanwa, amma kaɗan ne ake lissafa ta in an zo rabon abinci. Abin da ya ragu a kwano shi ne nata: ƙanzo, ko guntun tuwo da miya, ko shinkafar jiya. In ta rame a ce halittarta ce. Ni dai a ganina wannan ba daidai ba ne, kuma ina roƙon 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu su dubi dalilaina.

Kyanwa maciyiyar nama ce zalla. Duk wanda ya leƙa bakinta zai ga haƙora 30, masu tsini da kaifi, babu na niƙan hatsi irin namu. Kare yana iya lallaɓawa da tuwo, ita ko ba ta iyawa. Akwai wani sinadari a cikin nama da masana ke kira tawurin, wanda jikin kare ke haɗa wa kansa, amma jikin kyanwa ba ya haɗa isasshe, sai ta ci shi a abinci. Gero da dawa da shinkafa ba su da shi. A 1975 masu bincike a Amurka suka gano cewa rashinsa yana lalata idon kyanwa har ta makance, a 1987 kuma aka gano yana raunana mata zuciya har ya kashe ta. Ciwon ba ya nunawa da wuri. Sai an yi watanni tana cin tuwo sannan a ga tana karo da kaya.

Miyar ma da muke zuba mata don tausayi tana da nata sharrin. Albasa da tafarnuwa suna farfasa ƙwayoyin jinin kyanwa, ko ɗanyu ko dafaffu, alhali wace miya ce tamu ba albasa? Madara kuwa, wadda kowa ya ɗauka ita ce gatan kyanwa, galibin manyan kyanwoyi ba sa narkar da ita sosai, sai ta sa su zawo. Ruwa mai tsabta a kasko ya fi mata amfani.

Na sha jin manya suna cewa in aka ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba, gara a bar ta da yunwa. Da girmamawa nake cewa ban yarda ba. Farauta a jininta take. A wani gwaji na 1976 an saki ɓera gaban kyanwoyi suna tsakiyar cin abinci, suka bar kwanon suka kashe shi, sannan suka koma kan abincinsu. Abin da yunwa ke koya wa kyanwa shi ne buɗe tukunya da yawon maƙwabta, inda za ta iya cin ɓeran da ya sha magani ta mutu. Ita ke tsare mana rumbu da buhunan hatsi dare da rana, kuma an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi da nama ba, ina kyanwa? Gaskiya ne, amma ba tsire take nema ba. Abin da mahauci ke sayarwa da araha ya ishe ta: zuciya, ƙundun kaza, guntayen nama. A dafa ba gishiri ba yaji, a ba ta kaɗan safe da yamma. Hanta tana da kyau, sai dai ba kullum ba, domin yawanta yana ɓata mata ƙashi. Kifi a dafa shi a cire ƙaya, dafaffen ƙwai ma yana yi. Kada a ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke ta. Da yake tsoka kaɗai ba ta gina ƙashi, sai a daka ɓawon dafaffen ƙwai ya yi laushi a barbaɗa mata ɗan kaɗan.

Masu hali da ke sayo abincin gwangwani ko na leda a manyan kantuna su duba rubutun jikinsa, su tabbata na kyanwa ne, kuma nama ne aka fara ambata. Na kare ba ya yi mata, ko da ya fi araha, don ba a sa masa tawurin daidai bukatarta ba.