Injin Rauta: Mu Saya Ko Mu Dakata?

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, duk wanda ya zauna a bencin coci ko na aji a nan Gozaki ya san yadda benci ke rawa bayan shekara biyu. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, sai ƙusa ta saki. Maganin wannan shi ne haɗin rami da harshe: a huda rami a katako ɗaya, a fere harshe a ɗayan, a sa gam a cusa. Da cizal da guduma aikin yana cin lokaci, shi ya sa kafintoci da yawa suka koma wa ƙusa.

Injin rauta yana yin wannan aiki cikin 'yan mintoci, domin bakinsa yana juyawa sama da sau 20,000 a minti ɗaya. Turawa sun ƙera na'urori masu riƙe shi ya bi layi daidai. Akwai WoodRat na Ingila da ake kafawa a bango, akwai Leigh na Kanada. Dukansu suna da kyau, amma kuɗinsu na waje ne, kuma in wani ƙarfe ya karye ba za a same shi a kasuwar Funtuwa ko Malumfashi ba.

Iyayenmu ba su manta da tsarin 6-3-3-4 na 1982 ba. An kawo injuna daga Turai domin koyar da sana'a, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwati saboda babu wuta, babu malamin da ya iya su. Yau ma wutar ba tabbas, man janareta kuwa ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023.

Ra'ayinmu shi ne a sayi ƙaramin rauta na hannu guda ɗaya, sauran mu haɗa da kanmu. Wani mutumin Kanada, Matthias Wandel, da katako ya ƙera nasa injin mai suna pantorouter, wanda ke bin samfuri ya fere harshe daidai da rami. Amma kada a ba ɗan aji ɗaya rauta sai ya iya huda rami da cizal, domin injin nan ba ya bambanta yatsa da katako. Bayan an gama girbin masara da auduga, samarinmu suna da watanni na rani ba aiki, ga kuma bencina a ƙauyukan Kafur suna jiran gyara.