Dandalin Kwamfuta: Lamba Ce Ko Rubutu?

A wannan wata za mu tattauna a kan wani tarko da kusan kowane sabon mai koyon rubuta manhaja yake faɗawa ciki, ko ɗalibi ne a lisen Cité Verte, ko ɗan jami'a a Ngoa-Ekellé, ko matashi mai koya wa kansa a shagon mahaifinsa a Briqueterie. Tarkon shi ne rashin bambanta irin bayanin da ake bai wa na'ura.

Mu Hausawan ƙasashen sefa mun san wannan magana tun daga kasuwa. In mai tsire ya ce "ashirin", kowa ya san dala ashirin yake nufi, wato sefa 100, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Baƙo kuwa sai ya miƙa sefa 20, a yi masa dariya. To, kwamfuta baƙuwa ce ta har abada. Ba ta san nufin mutum ba sai abin da aka gaya mata filla-filla.

A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma wanda yara da yawa suke farawa da shi, iri uku ne mai koyo zai fara sani. Akwai cikakkiyar lamba, kamar 500, ana kiranta int. Akwai lamba mai ɗigo, kamar 2.5, ana kiranta float. Sai rubutu, kamar suna ko adireshi, ana kiransa str. Abin lura shi ne, 500 da aka sa cikin alamar zance rubutu ne, ko da yake ido yana ganin lamba.

Kuskure na farko yana zuwa daga nan. Duk abin da mutum ya buga ta hanyar umarnin input, Python tana karɓarsa a matsayin rubutu. Yaro ya rubuta manhajar tara cinikin shago, ya buga 500 da safe, 500 da yamma, sai na'ura ta ba shi 500500. Ba ta yi ƙarya ba, jera rubutu biyu ta yi kamar yadda ake jera suna da sunan uba. In kuwa ya haɗa rubutun da lamba ta gaskiya, sai ta tsaya cak ta nuna TypeError. Maganin shi ne a juya abin da aka buga zuwa lamba da umarnin int tun a bakin ƙofa, kafin a fara kowane lissafi. Wannan cuta ce kuma take sa jerin masu bashi ya birkice: in an ajiye kuɗin a matsayin rubutu, na'ura za ta ɗauka 900 ta fi 1500, domin harafin farko take dubawa, 9 kuma ta fi 1.

Kuskure na biyu namu ne na Kamaru, ƙasa mai harsunan hukuma biyu. Wanda ya yi makarantar Faransanci yana rubuta biyu da rabi da waƙafi, 2,5. Wanda ya yi ta Ingilishi yana sa ɗigo, 2.5. Python ɗigo kaɗai ta sani. Tela ya buga yadi 2,5 a kan sefa 1500 kowane yadi, yana jiran 3750, sai ya ga ValueError. Mai rubuta manhaja a ƙasar nan dole ya sa umarnin replace ya mayar da waƙafi ɗigo, ya cire tazarar da Faransanci yake bari tsakanin dubbai, sa'an nan ya juya da float.

Na uku ya shafi raba lamba. Ɗaliban da ake koya wa harshen C su kula. In ɗalibi ya ci 10 a jarrabawa ɗaya, 11 a ta biyu, jimla 21, aka raba da 2, amsa 10.5 ce. Amma in duka lambobin cikakku ne, C za ta yar da rabin ta ce 10, ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ya fi na farko haɗari, domin kuskuren da ya yi ƙara an gan shi, wanda ya yi shiru kuwa sai ya shiga takardar sakamako. Sai a mayar da ɗaya daga cikin lambobin mai ɗigo, a raba da 2.0.

Na huɗu, lamba mai ɗigo ba ta dace da ajiyar kuɗi ba. Kowa ya gwada tara 0.1 da 0.2 a Python, zai ga 0.30000000000000004. Dalili kuwa, na'ura da sifiri da ɗaya kaɗai take ƙirga, wasu gutsattsarin lamba ba sa shiga wannan ma'auni daidai. Mu an hutar da mu, tunda ba ma ciniki da abin da bai kai sefa ɗaya ba. A ajiye kuɗi da cikakkiyar lamba. In an zo canjin yuro, wanda tun 1999 yake tsaye a kan sefa 655.957, sai a gama lissafi tukuna, a daidaita amsar sau ɗaya a ƙarshe.

Na biyar kishiyar na farko ne: abin da ya yi kama da lamba, alhali suna ne. Lambar waya ba a tara ta, ba a raba ta. In aka ajiye ta a matsayin cikakkiyar lamba, alamar tarawa da ke gaban 237 za ta ɓace, lambar ɗan'uwa na Kano da ta fara da sifiri ita ma ta rasa sifirinta. Tsawonta ma ba tabbas ba ne, domin a 2014 lambobin Kamaru sun tashi daga 8 zuwa 9. Lambar waya da ta katin shaida a bar su a rubutu.

Kada ƙaramin mai koyo ya ji kunya, manya ma sun sha wannan kaye. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da tauraron ɗan'adam huɗu, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashi. Kwamitin bincike ya gano cewa manhajar da aka gado daga Ariane 4 ta yi ƙoƙarin cusa babbar lamba mai ɗigo cikin gurbin cikakkiyar lamba wanda bai ɗaukar fiye da 32,767. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, lamba ta yi wa gurbi yawa.

Shawararmu guda uku ce. In saƙon kuskure ya fito, a karanta layinsa na ƙarshe a natse, domin yana faɗin irin matsalar, sama da shi kuma akwai lambar layin da ta auku. In ana shakka, a tambayi na'ura da umarnin type, za ta faɗi irin abin da take riƙe da shi. Kafin a miƙa manhaja ga mai shago, a gwada ta da waƙafi, da sifiri, da fili babu komai, domin rigakafi ya fi magani.

Iyaye kuma, in yaro ya ce zai ɗora littafin bashin shago a kwamfuta, a ba shi dama, amma kada a yar da littafin takarda sai an yi wata guda ana gwada jimlar biyun kowace yamma, an ga sun zo ɗaya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.