Na'ura ba ta buɗe bakin da sambol ya rufe

Duk wanda ya taɓa zama kan bencin lakwal ya san yadda yini yake tafiya. Mushe ya shigo, a miƙe a gaishe shi da murya ɗaya. Ya juya baya ya cika allo da rubutu, yara su kwafe. Gobe a kawo hadda, wanda ya yi tuntuɓe ya sha bulala. Yaron da ya ɗaga hannu ya yi tambaya, ko dai a ce daƙiƙi ne, ko a ce ba shi da kunya. A zamanin da, wanda bakinsa ya suɓuce da Hausa ko Zabarmanci har sambol ake rataya masa a wuya, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. An daina rataya sambol, amma shirun da ya koya wa ɗalibai yana nan daram. To cikin wannan ɗaki ne ake ta shelar za a shigo da intanet, wai don yaro ya zama shi ne cibiyar karatunsa.

Maganar ba ta banza ba ce, ya kamata a ba ta haƙƙinta. Da farko intanet kamar allon sanarwa take a ƙofar ma'aikata: wani ya rubuta, saura su karanta su wuce. A 1995 wani Ba'amurke, Ward Cunningham, ya ƙirƙiro abin da ake kira wiki, wato shafin da duk mai karanta shi yake iya gyara shi. A kan wannan dabara aka gina Wikipedia a 2001. A 2002 Martin Dougiamas na Ostareliya ya fito da Moodle, manhaja ta kyauta wadda malami ke buɗe aji a cikinta, ɗalibai su ajiye aikinsu, su duba na juna. Daga baya YouTube da WhatsApp suka sa kowane mai wayar salula ya zama mai aikawa da murya da hoto. Abin da ya canza ɗaya ne, amma babba ne: mai karatu ya samu damar mayar da magana.

A ɗauki aji ɗaya a Tasawa. Maimakon a ba yara darasin ƙasa su haddace sunayen koguna, sai malami ya ce su rubuta tarihin rijiyoyin garinsu a shafi guda. Wannan ya je ya ɗauko muryar kakarsa, wancan ya auna zurfin rijiya da igiyar guga, wata ta gyara lissafin da ɗan uwanta ya kuskure. Shafin yana riƙe da sawun kowa, malami ya ga wanda ya yi aiki da wanda ya laɓe a bayan jama'a. In wani aji a Tawa ya yi irin wannan, sai a gwama, yara da kansu su tambayi dalilin da ya sa ruwa ya fi nisa a can. Wannan shi ne karatun da ɗalibi yake tsakiyarsa. Ba na'ura ta ƙago shi ba. Tun 1968 Paulo Freire na Barazil ya soki makarantar da ke ɗaukar kan yaro tamkar asusun da malami ke zuba ajiya. Kafin shi ma, a 1964, ɗan Tasawa ɗin nan, Abdu Mumuni, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu, a kuma haɗa makaranta da rayuwar jama'a.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wajen dogaro da na'ura. A 1964, da taimakon Faransa, aka soma talabijin ta makaranta a Yamai, abin da ƙasashe da dama suka zo kallo. An yi gwajin a azuzuwa 22, masu kula da yaran kuma ba ƙwararrun malamai ba ne, samari ne da aka ba ɗan gajeren horo. Waɗanda suka ziyarci azuzuwan sun yaba da yadda yara ke magana ba tsoro. Amma shirin bai taɓa game ƙasa ba, kuɗinsa da ƙwararrunsa daga waje suke, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 kayan aikinsa suka koma gidan Télé Sahel. Kot Dibuwa ta kwaikwayi abin a 1971 da gagarumin kuɗi, ita ma ta ajiye shi a farkon shekarun 1980.

Wanda ya ce ai wannan tsohon labari ne, sai ya dubi Peru ta Kudancin Amurka. Gwamnatinta ta sayi dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da tasa. A 2012 Bankin raya ƙasashen Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun ƙauye 319. Yara sun iya sarrafa na'urar, sun ɗan ƙara kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga wani ci gaba ba. Galibin makarantun ba su da intanet, malamai kuma suka ci gaba da koyarwa yadda suka saba. A wasu wurare abin da aka samu kawai shi ne yaro ya daina kwafe allo cikin littafi, ya koma kwafe shi cikin kwamfuta.

Abin mamaki, gwajin da ya yi albarka a gida aka yi shi, kuma da kayan da ba su kai wannan tsada ba. A 2009 da 2010, a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS ta gudanar da karatun yaƙi da jahilci na manya, masu bincike irin su Jenny Aker suna biye da shi. A kusan rabin ƙauyukan aka ƙara abu ɗaya: aka koya wa ɗalibai amfani da wayar salula mai maɓallai, mutum biyar waya guda. Da aka yi jarrabawa, waɗannan suka fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bambancin lissafi bai gushe ba watanni bayan an rufe aji. Ko intanet babu a wayoyin. Sai dai akwai malami a gabansu, ana karatun cikin harshen da suke magana da shi, kuma suna da abin da suke son faɗi: saƙo ga ɗa da ya tafi cirani, tambayar farashin hatsi a kasuwar gaba. Mutum ya rubuta, wani ya amsa masa. Abin da talabijin ba ta iya ba ke nan, abin da kwamfutocin Peru ba su samu ba ke nan.

Saboda haka kafin a ƙirga na'urori, a fara duba ajin da za su shiga. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara 10 da suka kai ƙarshen firamare a Nijar, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matsayin da ake bukata a karatu. A 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen 3 cikin 10. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, da me zai gyara shafin wiki? Tun ƙarshen shekarun 1990 aka jingina makaranta kan malaman kwantiragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo, waɗanda su ma da hadda aka rene su. Mafi yawan ƙauyuka ba su da lantarki, rezo kuwa sai an hau tudu. A 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi, kowace ta tafi da rayukan yara 20 ko fiye. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ƴaƴan masu hali na birni sun samu darasi ta WhatsApp, ƴaƴan manoma suka koma kiwo da tallar goro.

Duk da haka sayen na'ura ya fi daɗi ga mai mulki, na farar hula ne ko na kaki. Kwali ana ɗaukar hotonsa, ana miƙa shi gaban kyamara, kwangilarsa kuma tana da romo. Horar da malami shekara biyu ba ya da bikin yanke kyalle. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗi ba. Yaron da ya saba gyara kuskuren da ya gani a shafi, ya kawo hujja, ya jure a gyara nasa, gobe zai nemi hujja a bakin hakimi da minista. Wanda ba ya son tambaya zai sayi na'urar da murna, sa'an nan ya cika ta da darussan da aka naɗa daga Yamai, yaro ya zauna ya kalla kamar yadda kakansa ya kalli talabijin.

Masu tsoron intanet su ma suna da gaskiyarsu. Ƙofar da ilimi ke shigowa ta nan jita-jita da batsa ke shigowa, kuma tun da manhajoji irin su ChatGPT suka bayyana a 2022, ɗalibi na iya kawo aikin da ko layi ɗaya bai rubuta ba. Wannan ba ya rage bukatar malami, ƙara ta yake yi. Sai malamin da ya san darasinsa ne zai iya ce wa yaro: wa ya faɗi wannan, ina shaidarsa, maimaita shi da bakinka.

Hanyar ba ta gagara ba. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun soma tun 1973 a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wikipedia tana da sashen Hausa, ko da yake galibin masu rubuta shi daga Najeriya suke, labarin garuruwan Adar da Gobir da Damargu yana jiran masu shi. Ana iya ɗora Moodle kan ƴar kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, faifan hasken rana ɗaya ya ciyar da ita, wayoyin aji su haɗu da ita ko babu rezo. Wurin da ya dace a fara kai ta shi ne makarantun horar da malamai na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso, inda malamin gobe zai rubuta darasi tare da ƴan uwansa, ƙaramin cikinsu ya gyara wa babba, a kan wayar da aka sa wa haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ.