Araha Ba Ta Ado, In Ji Mai Kuɗi

A taron muhawarar da ƙungiyarmu ta shirya a zangon karatun da ya wuce, wani ɗan'uwa ɗalibi ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce wai babu abin da ya karya tattalin arzikin ƙasar nan irin kwalliyar mata. Ya ce da 'yan mata za su bar shafe-shafe da hoda da jan baki, da tuni naira ta farfaɗo. Zaure ya ɗauki tafi. Ni kuwa da nake zaune daga baya sai na dubi ƙafarsa, na ga takalmin ƙasar waje, na dubi hannunsa, na ga agogon da ba a Panteka aka ƙera shi ba. Lokaci ya ƙure ba a ba ni damar magana ba, shi ya sa na nemi fili a wannan mujalla tamu domin in mayar da martani gare shi da duk waɗanda suka tafa masa.

Da farko dai, duk wanda ya ce man shafawa almubazzaranci ne, to, bai taɓa kwana a Funtua cikin watan Janairu ba. Idan hunturu ya kankama leɓe yakan tsage, diddige ya yi faso har ya fid da jini, fatar jariri ta yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka. Matar da ta wuni tana cirar auduga a ƙasar Malumfashi, ko tsinkar tumatir a fadamun Ɗanja, mai a wurinta magani ne kafin ya zama ado. Shi kansa adon kuma ba laifi ba ne. Bahaushiya ta san lalle da kwalli da kitso tun kafin Bature ya san hanyar Lokoja, kuma shi wannan ɗan'uwa namu, ranar da zai kai lefe, ba zai yarda a buɗe akwatinsa a gaban dangin amarya a tarar babu kayan shafa ba. Saboda haka maganar wai mata su bar kwalliya zance ne na wanda ya rasa abin faɗi. Tambayar da ta kamata ɗalibi mai hankali ya yi ita ce: me ya sa mai mai kyau ya gagari 'yar talaka, wanda kuma ba ya gagararta ya zama guba?

Kowa ya san abin da ya faru. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,500 a 2024. A 2023 ɗin nan dai kamfanin Unilever ya ba da sanarwar daina yin sabulun wanka da na wanki a Nijeriya, Procter & Gamble kuma ya ce ya bar sarrafa kaya a nan, sai dai ya shigo da su daga waje. Watau abin da a da ake yi a Ikko da naira, ya koma sai an saye shi da dala. A ɗaya gefen kuwa, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. To, malamar firamare a Bakori ko Ƙafur, ko ƙaramar ma'aikaciya a sakatariyar ƙaramar hukuma, in ta cire kuɗin hatsi da na mota da na makarantar yara, da me za ta tunkari kantin zamani? Masu hannu da shuni suna cewa araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma mai faɗin haka ya ƙoshi.

Wannan giɓi da ya buɗe tsakanin albashi da kanti, shi ne masu haɗin mai suka cike. Ku shiga kasuwar Funtua ko ta Malumfashi ko ta Ɗandume, za ku tarar da su, ga kuma 'yan'uwansu da suke talla ta waya suna aikowa a motar haya daga Kano. Roba ce fara, babu sunan wanda ya yi, babu lambar hukuma, babu ranar lalacewa. Mai haɗin zai matse bututu uku ko huɗu a kwano, ya zuba wani ruwa daga kwalbar da aka kankare rubutunta, ya juya da cokali, ya ce miki kwana bakwai kin zama balarabiya. Ina da 'yar'uwa da aka sa wa rana bara, ƙawaye suka ce ai ba a kai amarya da duhun fata. Wata biyu tana shafawa, ta yi fari fat, aka yi biki aka watse. Yau kumatunta biyu sun yi baƙin tabo kamar ƙunar garwashi, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, ba ta iya tsayawa a rana, kuɗin da aka kashe wajen likitan fata a Zariya kuwa ya ninka kuɗin man sau da yawa. Wannan ita ce arahar.

Ya kamata mu da muke da'awar ilimi mu san abin da ke cikin robar nan. Akwai haidirokwinon, wanda yake hana fata yin launinta; in aka daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar baƙin tabon da ke da wuyar fita. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kilobetasol, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, don ciwon fata, na ɗan lokaci. Su ne suke sa fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, har su kan jawo hawan jini da ciwon sukari. Sai uwa uba zaiba, wadda take ratsa fata ta sauka a ƙoda da jijiyoyi, ta kuma kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Tun a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙididdigar cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launin fata. A 2025 BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai, har fatarsu ta ƙone. Abin ya wuce kan 'yan mata ya sauka kan yara.

Doka fa akwai ta. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta zaiba da sitiroyid a kayan shafa, ta kuma ƙayyade haidirokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. A Fabrairun 2023 ta ce al'amarin bilicin ya zama annobar da take bukatar matakin gaggawa. Madalla. Amma sanarwar da aka karanta a babban otal ba ta san hanyar kasuwar ƙauye ba. Kwaddebuwa ta hana waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi baya a 2016, Ruwanda kuma ta aika jami'ai kasuwa suna kwashewa daga kan tebur. Mu a nan, mai haɗi yana juya cokalinsa da rana tsaka, ba ya ko waiwaye.

Samarin jami'a kuma, kada ku sunkuyar da kai kamar ba da ku ake ba. Wa ya ƙirƙiro kalmar nan ta "fara ko mayya ce"? Ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Ku ne kuke zama a gindin bishiya kuna ba mata maki kamar masu awon auduga, wannan lamba ɗaya, waccan lamba uku. Ku ne da rana kuke la'antar mulkin mallaka a dandali, da yamma kuma kuna aika 'yan'uwanku mata su nemo muku farar yarinya. Bature ya sauke tutarsa a 1960, amma ya bar ma'auninsa a idanunku. Wanda ya kafa kasuwa ba shi da bakin zagin masu cin ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk wannan yana faruwa a ƙasar da mai yake tsirowa daga ƙasa. Yankinmu na Funtua da Malumfashi ya ba duniya auduga da gyaɗa shekara da shekaru, yau ga waken suya. Kamfanin auduga na Ingila, BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya dasa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ba don a kai kakanninmu ziyara aka shimfiɗa shi ba, don a kwashe ne. A 1975 Bankin Duniya ya zo da shirin bunƙasa noma na Funtua, hankalinsa yana kan masara da auduga da takin zamani. Duk tsawon wannan zamani tsarin ɗaya ne: ɗanye ya fita da araha, sarrafaffe ya dawo da tsada. Man angurya da man gyaɗa ana yin sabulu da su, tsofaffinmu ma da toka da mai suke dafa sabulun salo, amma har yau sabulun da ke cikin lefen 'yar manomin auduga daga wata ƙasa yake zuwa.

Ku ɗauki kaɗanya. Ku juya bayan kwalbar man nan mai tsada da ake kawowa daga Faransa ko Amurka, sau da yawa za ku ga man kaɗe a jerin abin da aka haɗa. Da gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe na wata shida a Agustan 2025, ita da bakinta ta ce Nijeriya ce take samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗen duniya, amma rabonta a cinikin da ya kai dala biliyan 6.5 bai kai kashi 1 ba. Manufar tana da kyau, amma da yake an hana fitarwa kafin a tanadi isassun injinan matsewa, farashin ƙwara ya faɗi, asarar kuwa ta sauka a kan matar ƙauye da take fita da asuba tsintar kaɗe. A wajenmu ma tsintar ta zama sai da shahada, domin dajin Faskari da Sabuwa ba wurin da mace za ta shiga da ƙwarya ba ne tun da 'yan bindiga suka mamaye shi. Bishiyar da take shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, mai gawayi yana kayar da ita a wuni guda. Muna ƙona man shafawarmu a murhu, sa'an nan mu sayi guba a roba.

Na san wasu za su ce, to ai shi ke nan, a koma gargajiya. Sannu dai. Ni ba na cikin masu cewa duk abin da kaka ta yi daidai ne. Kwallin da ake sa wa jarirai, akasarinsa dutse ne mai ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kawo daga Nijeriya ne, da aka auna shi kuma kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Haka baƙin lallen da ake zana wa amare yanzu, ba lallen gona ba ne, rinin gashi ake haɗawa, shi ya sa wasu hannunsu yake kumbura ya yi ƙuraje. Jan lalle, da man kaɗe, da man alayyadi, da sabulun salo, waɗannan abin riƙewa ne a kuma inganta su. Kwallin dalma a idon jariri kuwa abin bari ne, ko da kaka za ta yi fushi.

To, ina amfanin jami'a? Muna da sashen kimiyyar sinadarai da tsangayar haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta tarayya a Dutsin-Ma. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu da ba wanda zai karanta sai gara. Me zai hana ƙungiyarmu ta nemi a ba wasu daga cikinsu aikin auna mayukan da ake sayarwa a kasuwanninmu, a buga sakamakon da Hausa a wannan mujalla, a karanta shi a rediyo, a liƙa shi a ƙofar asibiti da islamiyyun matan aure? Me zai hana a koya wa ƙungiyoyin mata a Malumfashi da Bakori tace man kaɗe ya fita da tsabta, a rage masa ƙauri, a zuba shi a ƙananan gwangwanaye da suna da lamba, a kan farashin da malamar firamare za ta iya? Ku kuma ƙananan ma'aikata da kuke sashen lafiya na ƙananan hukumomi, duba-gari aikinsa bai tsaya kan kwata da mahauta ba. Teburin mai haɗi yana cikin hurumin ku.

A hutun da ya wuce na zaga kasuwanni uku na sayo robobi goma sha ɗaya na man haɗi, na rubuta wa kowace inda na saye ta da abin da mai sayarwa ya yi mini alkawari. Suna nan a ƙarƙashin gadona a ɗakin kwanan ɗalibai. Ranar taron majalisar ƙungiya mai zuwa zan jera su a kan teburin shugaba, in nemi a kaɗa ƙuri'a a kan kai su ɗakin gwaji da kuɗin ƙungiya. Jakar tana da nauyi, saboda haka ina gayyatar ɗan'uwana mai takalmin waje ya zo ya kama mini hannu ɗaya.