Ka Zaɓi Makarantar da Za Ka Zauna Ko da Hannunka Ya Gaza



Ɗana yana buga wasan besbal a wata jami'a a Amurka, wato wasan da ake jefo ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Ra'ayina a matsayin uba shi ne: kada yaro ya zaɓi jami'a saboda koci ko kyawun fili. Ya zaɓi wadda zai yarda ya zauna cikinta ko da wasan ya ƙare masa gobe.

Ba na musun daɗin abin. A rukunin farko na hukumar NCAA, ƙungiya kan buga wasanni har 56 daga tsakiyar Fabrairu, kowa na fatan shiga cikin takwas da ke haɗuwa a Omaha, inda ake kammala gasar tun 1950. Yaro na koyon tashin asuba, da kiyaye lokaci, da zama da abokai. Yana koyon haƙuri kuma, domin gwanin duka shi ne wanda ya dace sau uku cikin goma. Ranar da ɗanka ya doki ƙwallo ta haye katanga, murnar ba ta misaltuwa.

To amma sai mu dubi ɗaya ɓangaren. Na farko, kuɗi. Shekaru da dama tallafin karatu 11.7 kacal aka yarda ƙungiya guda ta bayar, ana yayyanka shi tsakanin 'yan wasa, iyaye su cika sauran. A 2025 yarjejeniyar shari'ar House ta ɗage wannan iyaka ga makarantun da suka amince da ita, amma ta ƙayyade 'yan wasan ƙungiya a 34, kuma ba ta tilasta wa kowa biyan tallafin duka ba. A rukuni na uku kuwa babu tallafin wasa ko kaɗan.

Na biyu, jiki. Mai jifa na iya tsinka jijiyar gwiwar hannunsa a jifa guda. Tiyatar da ake yi, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, tana ɗauke yaro daga fili shekara ɗaya ko fiye. Kafin ya dawo, wani ya gaje gurbinsa. Tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a 2018, aka kuma sassauta dokokinta a 2021, koci na iya ɗauko ƙwararre daga wata jami'a cikin makonni.

Na uku, ƙofar zama ɗan wasan kuɗi ta ƙara tsukewa. Zaɓen sabbin 'yan wasa na MLB zagaye 40 ne har 2019. Tun 2021 ya koma 20, wato mutum kimanin 600 a shekara, har da 'yan sakandare. A 2021 ɗin kuma aka rage ƙananan ƙungiyoyin renon 'yan wasa zuwa 120.

Wani zai ce wannan magana tana kashe wa yaro guiwa. Ni ban ga haka ba. Yaron da ya san digirinsa na nan yana shiga fili da natsuwa, alhali wanda ya jingina rayuwarsa duka ga sanda, kowane kuskure sai ya zame masa tashin hankali.

Mu iyaye ma akwai namu. Bayan wasa mara kyau, yaro ba ya bukatar koci na biyu a waya. Mu tambaye shi ko ya ci abinci, da yadda jarrabawa ta kasance. Idan muryarmu tana sauyawa bisa sakamakon wasa, mun koya masa cewa ƙaunarmu ma a kan benci take zama.

Kai kuma matashi, kafin ka sa hannu, ka tambayi kanka: in koci ya tafi, hannu ya gaza, me zan karanta a nan?

Allah Ya shirya mana zuriya. Wassalam.