WAƘAR MUTUM HUƊU, SUNAN MUTUM ƊAYA: WANNAN WANE IRIN RABO NE?

Yau rubutun nawa zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na so in yi shiru, amma abin ya tsaya mini a wuya.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a majalisarmu nan Rimin Gado, bakin titin Gwarzo, sai wani yaro mai shagon cajin waya ya saki wata sabuwar waƙa da ake yayi. Matasa suka hau gyaɗa kai, ana ta “wane ya iya waƙa, wane fasihi ne”. Ni kuwa sai na ji zuciyata ta yi baƙi, domin na san inda aka haifi karin waƙar nan. A zauren gidanmu aka haife shi. Ɗan yayana ne ya yi sati biyu yana dannan fiyano da daddare, har tsohuwarmu ta ce in bai daina hana ta barci ba za ta jefa abin a rijiya. Su huɗu suka haɗa kai: shi ya fitar da kari da kiɗa, abokinsa ya rubuta amshi da baiti uku, wata yarinya ta hau amshin da muryarta, na huɗun ya rera. Kuɗin mota zuwa situdiyo a Zoo Road ma karo-karo suka yi.

Da waƙa ta fita, suna ɗaya ne a kanta. Hoton mutum ɗaya, shafin YouTube na mutum ɗaya, gayyatar biki ta mutum ɗaya. Da yaron nan ya yi magana, amsar da ya samu ita ce: “Haba ɗan'uwa, ba na ba ka na shan ruwa ba?”

Ba zan kama suna ba, don ba shi kaɗai ke yi ba. Cuta ce da ta zama ruwan dare, har an daina ganin ta a matsayin cuta.

Mu nan manoma ne, mun san bambancin ɗan ƙwadago da abokin tarayya. Wanda ka ɗauka ya yi maka noman rana, ka biya shi da yamma, magana ta ƙare, ba shi da ko zangarniya ɗaya a cikin dawarka. Amma wanda ya kawo iri, kai ka kawo taki, kuka yi shuka tare, kuka yi noman farko da maimai tare, in kaka ta yi ka kwashe dammunan ka zuba a rumbunka ka miƙa masa kuɗin goro, sunan wannan abin cin amana, ko a gaban mai unguwa ko a gaban alƙali. To waƙa ma haka take. Wanda aka ce masa “buga kaza” ya buga, ƙwadago ya yi. Wanda ya ƙirƙiro karin da mutane ke bi da baki a kan hanya, ko ya rubuta amshin da yara suka haddace, wannan iri ya kawo.

Na san abin da wasu za su ce: ai al'adarmu ce, su Shata da Narambaɗa ma ba su rubuta sunan 'yan amshinsu a jikin faifai ba. To mu tsaya a nan, don wannan hujja rabin gaskiya ce. Makaɗan dā ba haya suke ɗaukar yaransu ba. Tare ake tafiya, tare ake kwana, abin da aka samu a fada ko gidan biki a raba, kowa da kasonsa gwargwadon matsayinsa. Auren yaro da sunan ɗansa suna wuyan ubangida. Kuma a kiɗan fada kowa na kallo ido da ido: jagora ya ɗauko ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari nasu. Babu wanda zai tashi daga wurin yana zaton mutum ɗaya ne ya yi aikin. Sannan hanya a buɗe take, yaro yau ubangida gobe. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai da ya yi zaman amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya zama Ɗanƙwairon da duniya ta sani. Yanzu ku faɗa mini, mawaƙin da ya biya mai fiyano sau ɗaya ya toshe lambarsa, wane ɓangare na wannan al'ada ya riƙe? Ya ɗauki girman ubangida, ya ajiye nauyin ubangida.

In kuma al'adar ake so, ga wadda ta fi tsufa. Marubuta waƙoƙinmu sun saba sa sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da shekara cikin ramzi. Ku dubi “Tabbat Haƙiƙa”: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Hannu uku, suna uku, kuma yau kusan shekara 200 ɗalibai na karanta sunayen ukun a makaranta. Mutanen da ke rubutu da alƙalamin kara da tawadar zige sun kiyaye haƙƙin juna, mu masu kwamfuta mun kasa rubuta suna huɗu a ƙasan bidiyo.

Matsalar ta ƙara girma ne da zuwan fiyano da finafinai. Tun zamanin fim ɗin Sangaya a 1999, fuskar da ake gani daban, muryar da ake ji daban, mai kiɗan kuma yana can cikin ɗaki babu mai ganinsa. Shekara nawa mutane suka yi suna jin muryoyin su Fati Nijar da Maryam A. Baba suna zaton jarumar fim ce ke rerawa? Waɗannan ma sun yi sa'a sunansu ya fito. 'Yan amshi mata nawa ne suka ɗaga waƙa ta yi tashe, aka sallame su da kuɗin adaidaita?

Kada wani ya ce wannan rigimar ƙauye ce. Turawa masu kiɗan jita da ganga, irin wanda suke kira rok, sun sha ta har gaban kotu. A Ingila akwai ƙungiyar Procol Harum da ta fitar da waƙar “A Whiter Shade of Pale” a 1967. Sunan mutum biyu aka sa, Gary Brooker da Keith Reid. Shi kuwa Matthew Fisher, wanda ya ƙirƙiro sautin fiyanon da kowa ke gane waƙar da shi, aka bar shi a matsayin mai kiɗa kawai. Sai bayan shekara 38 ya kai ƙara. A 2006 alƙali ya ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan, kuma a 2009 kotu mafi girma ta ƙasar ta tabbatar masa. Haka wata mawaƙiya Clare Torry: ƙungiyar Pink Floyd ta kira ta a 1973 ta zuba murya a wata waƙa, aka biya ta fam 30. Ko kalma ɗaya babu a abin da ta rera, kari ne zalla daga kanta. A 2004 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta, daga nan sunanta ya hau kan waƙar. Su kuwa 'yan ƙungiyar Queen, bayan shekaru suna ja-in-ja kan waƙar wa za a sa, daga faifansu na 1989 suka yanke cewa kowace waƙa ta zama ta su huɗun. Darasin a fili yake: ko ku raba tun kuna dariya, ko a raba muku kuna harara.

Mu ma fa muna da doka. Akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, NCC. Dokar ta san aikin haɗin gwiwa, ta ba mai ƙirƙira haƙƙin a ambaci sunansa, kuma sayar da haƙƙi kacokan sai da rubutacciyar yarjejeniya. “Na ba ka na shan ruwa” ba takarda ba ce. Haƙƙin kiɗa da waƙa yana nan tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan gado ne. Wanda ya share sunan abokinsa, ba abokin kaɗai ya cuta ba, har marayun da zai bari.

Amma zan faɗa wa yaranmu tasu gaskiyar, kamar yadda na faɗa wa ɗan yayana a gaban mahaifinsa. Kunya ce ke kashe ku. Kuna ganin in kun ce a rubuta, kamar kun zargi aboki. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Kun fi sahabbai yarda da juna ne? Kuma ba duk wanda ya zauna a situdiyo yana cewa “ya yi, ya yi” ne ya zama mai waƙa ba. Kowa ya tsaya a kan abin da ya kawo.

Shawarata ba ta buƙatar lauya. Kafin a kunna na'ura, a yagi takarda ɗaya: wa ya rubuta baiti, wa ya kawo kari, wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, kason kowa nawa, wa ke riƙe da shafin da kuɗin YouTube da Audiomack za su shiga. Kowa ya sa hannu, mai situdiyo ya zama shaida, kowa ya ɗauki hoto a wayarsa. Wanda ya ce ƙwadago yake so a biya shi nan take, shi ma a rubuta, kada gobe ya dawo da kuka. Musamman yanzu da zaɓen 2027 ke matsowa, za a yi ta ruwan motoci da kujerun Makka a kan waƙoƙin siyasa, kuma mun san hannun da ke karɓar makulli ba shi kaɗai ya yi aikin ba.

Mu masu sauraro kuma mu koyi tambaya. In waƙa ta burge ka, ka ce wa ya yi kiɗan? Wace ce mai amshin? 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo, in kun gayyato mawaƙi ku sa shi ya lissafo su da bakinsa.

Ɗan yayana dai ya mayar da fiyanonsa cikin kwali, ya ce ya koma noman rani. Wannan shi ne asarar da ba a lissafawa. Shi kuma mai suna, ina jiran in ji waƙarsa ta gaba, in ga wa zai kwana yana fitar masa da kari.

Wanda ya ji zafi, ya je ya gyara sunayen da ke ƙasan waƙarsa. Allah Ya raba mu da cin haƙƙin wani. Amin.